BIOS a kwaikwayon tsofaffin na'urorin wasan bidiyo

BIOS ƙaramar manhaja ce da kamfani ke dasawa a cikin na'urar wasa tun daga masana'anta, kuma ita ce ke fara aiki da zarar an kunna na'urar. Manhajar kwaikwayo, wato emuleta, tana kwaikwayon sassan na'urar a kwamfuta ko waya, amma galibi ba ta zuwa da BIOS, saboda haƙƙin mallakarta na hannun kamfanin da ya ƙera na'urar.

Aikinta bai tsaya ga nuna tambari ba, domin wasanni na kiranta ana tsaka da wasa. Masarrafar Game Boy Advance, ARM7TDMI, ba ta da umarnin rabawa, shi ya sa wasanni da dama ke miƙa wannan lissafi ga BIOS mai girman kilobait 16. Ita ce kuma ke warware hotuna da bayanan da aka matse da tsarin LZ77. A PlayStation ta farko, BIOS mai kilobait 512 ce ke ɗauke da hanyoyin karanta fayil daga faifai da yin ajiya a katin ƙwaƙwalwa. Na'urar NES ta kamfanin Nintendo kuwa ba ta da BIOS, sai dai Famicom Disk System, na'urar karanta faifai da ake jona wa samfurinta na Japan, tana buƙatar tata mai kilobait 8.

Emuleta kan bi ɗayan hanyoyi biyu: ko ta yi aiki da kwafin BIOS na asali da aka ciro daga na'urar, ko ta zo da madadin da masu ita suka rubuta. mGBA, emuletar Game Boy Advance, tana da irin wannan madadi, amma PCSX2, emuletar PlayStation 2, ba ta tashi sai da BIOS ɗin na'urar. Kwafin asali ya fi aminci, domin wasu wasannin sun dogara da lokacin da kowane kira ke ɗauka, madadi kuma kan kuskure shi.

Idan allo ya tsaya baƙi, a fara duba yanki: a PlayStation ta farko, faifan Japan ya fi dacewa da BIOS mai lamba SCPH-5500, na Amurka da SCPH-5501, na Turai da SCPH-5502. Sai sunan fayil, tunda wasu emuletoci ba sa gane shi idan harafi ɗaya ya sauya. Kwafin da ya lalace wajen cirowa kuwa ana gano shi ta hanyar kwatanta lambar MD5 ɗinsa, wato lambar tantancewa da ake lissafawa daga abin da ke cikin fayil, da ta sahihin kwafi.

A 2000, wata kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Sony da Connectix, kamfanin da ya ƙera wata emuletar PlayStation, cewa kwafar BIOS don nazarin yadda take aiki bai saɓa wa doka ba. Hukuncin bai halatta rarraba fayil ɗin ba.