Kansar furostet da sinadaran homon: tambayoyi da amsoshi

Me ya haɗa wannan kansa da homon?

Furostet ƙullutu ne da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Ƙwayoyinsa, masu lafiya da masu kansa, da sinadarin testosteron, wato homon na maza da ke yawo a jini, suke rayuwa, kamar yadda wuta ke ci da itace. Sama da kashi 90 cikin 100 na sinadarin daga maraina yake fitowa. A 1941 Charles Huggins na Jami'ar Chicago ya nuna cewa idan aka katse shi, kansar da ta riga ta kai ƙashi tana lafawa, zogi ya sauka. Wannan aikin ne ya ba shi kyautar Nobel a 1966.

Akwai homon da ke hana kansar yaɗuwa?

Ana yawan ambaton kisspeptin. An gano ƙwayar gadonsa, KISS1, a 1996, lokacin da aka ga tana hana wata kansar fata bazuwa. Sai dai shi ne kuma ke zuga ƙwaƙwalwa ta ba da umarnin yin testosteron, don haka lamarinsa a furostet ba miƙaƙƙe ba ne. Har yanzu yana hannun masu bincike. Abin da ke aiki a gadon asibiti shi ne rage testosteron.

Yaya ake rage shi?

Ko a cire maraina ta hanyar tiyata, ko a yi allura. Allurar goserelin, alal misali, ana sa miligiram 3.6 a ƙarƙashin fatar ciki duk kwana 28, ko 10.8 duk mako 12. Ana so sinadarin ya sauka ƙasa da nanogiram 50 a kowace desilita ta jini.

A nan ne ake tuntuɓe. A mako ɗaya zuwa biyu na farko, irin wannan allura tana ɗaga testosteron kafin ta saukar da shi. Mai ƙari a ƙashin baya zai iya jin zogi ya tsananta, ko fitsari ya toshe. Shi ya sa ake haɗa ta da ƙwayar bicalutamide, mai tare aikin testosteron, miligiram 50 kullum na 'yan makonni. Wata allurar, degarelix, ba ta haddasa wannan tashin.

To me ya sa ciwon ke dawowa?

Kansa tana koyon zama da yunwa. Wasu ƙwayoyin su ninka ƙofofin karɓar sinadarin, wasu su fara haɗa nasu, wasu ƙofar ta kasance a buɗe ko babu shi. Alamar farko ita ce PSA, wani sinadarin furostet da ake aunawa a jini, ya riƙa hawa alhali testosteron yana ƙasa. Don haka a yau, idan kansa ta yaɗu, ba a jira: ana ƙara wasu magunguna, kamar abiraterone miligiram 1,000 da prednisone, ko enzalutamide miligiram 160, wani lokacin da docetaxel, maganin kashe ƙwayoyin kansa, zagaye shida. Abiraterone ciki wayam ake shan ta, domin abinci yana ninka yawan da ke shiga jini.

Illolin rage testosteron fa?

Zufa da jin zafi kwatsam, mutuwar sha'awa, ƙiba, kasala. Wadda ta fi damun likitoci ita ce zaizayewar ƙashi, don ba ta sallama sai an karye. A auna ƙarfin ƙashi, a duba sukari da hawan jini, a riƙa motsa jiki. Sabon ciwon baya da nauyin ƙafafu ko kasa riƙe fitsari kuwa na iya nufin ƙari ya danne laka: a tafi asibiti a ranar, ba gobe ba.