Limaman Yuganda da kekunansu: waiwaye kan yaƙi da ƙanjamau

Tun da tallafin ƙasashen waje ya fara ja da baya a 2025, muhawara ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a Yuganda da maƙwabtanta: ɗan kuɗin da ya rage na yaƙi da ƙanjamau, ina ya kamata a zuba shi? Wasu sun ce magani ne gaba da komai, ga kuma sabuwar allurar kariya ta lenacapavir da ake yi sau biyu kacal a shekara. Su kuwa masu bi gida-gida suna wayar da kai, da yawansu sun rasa aikinsu, kamar dai abin da suke yi ƙari ne da za a iya haƙura da shi. Wannan kallon da ake musu ba yau ya fara ba.

Farkon labarin sananne ne. A 1982 aka fara ganin cutar a yankin Rakai, bakin tafkin Biktoriya, mutane suka sa mata suna "silimu" saboda ramar da take sa wa, ma'ana ɗaya da ƙanjamau ɗinmu. A 1986 gwamnati ta kafa shirin yaƙi da ita, rediyo ya ɗauki wani kira da aka aro daga makiyaya, cewa kowa ya tsaya a turkensa, wato ya tsaya ga abokin kwanciyarsa kaɗai. A 1987 Noerine Kaleeba, wadda cutar ta kashe mijinta, ta haɗu da wasu suka kafa ƙungiyar TASO mai tallafa wa masu cutar. A 1989 mawaƙi Philly Lutaaya ya fito fili ya ce yana ɗauke da ita, ya zagaya makarantu da wuraren ibada, ya rasu a Disambar shekarar.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne wani taro na 1989 ɗin nan. Ƙungiyar Likitoci Musulmi ta Yuganda, IMAU, ta tara alƙalan Musulunci na gundumomin ƙasar ta yi musu bayanin cutar, Muftin ƙasar kuma ya ayyana jihadi a kanta. Musulmi a Yuganda ba su kai kashi 15 cikin 100 ba, kuma saƙon rediyo bai ratsa zaurukansu yadda ya kamata. Likitocin suka gane cewa mutumin da ake kira a ɗaurin aure, a raɗin suna, a jana'iza, wato liman, shi ne wanda za a buɗe wa ƙofa ya yi maganar da ba a yi da baƙo.

A 1992 aka fara aikin a gundumomin Mpigi da Iganga. Kowane liman aka horar da shi tare da mataimaka, namiji da mace, da 'yan sa-kai daga cikin masu sallah a masallacinsa. Aka ba limaman kekuna. Kowane ɗan sa-kai yana da gidajen da yake komawa a kai a kai, ba zuwa ɗaya a watse ba. Kuma abin da ake tattaunawa na cikin gida ne: aska ɗaya da ake yi wa yara da yawa kaciya da ita, yadda za a yi wa mamaci wanka ba tare da an taɓa jini ba, haƙƙin mata a gidan mai mace fiye da ɗaya, da yadda za a riƙe majinyaci ba a ƙyamace shi ba.

Batun kwaroron roba ne ya fi ɗaukar hankalina. Malamai suka ce ba su yarda ba, zai buɗe ƙofar zina. Likitocin ba su yi musu gardama a jarida ba, ba su kuma zagaye su ba. Suka cire batun daga darasi a shekarar farko, suka ci gaba da zama da malaman. Tambayoyin da 'yan sa-kai ke dawowa da su daga gidaje suna nan: miji yana ɗauke da ƙwayar cutar, matarsa ba ta da ita, yaya za su yi? A shekara ta biyu malaman suka amince a koyar da shi cikin iyakar da addini ya yarda, wato tsakanin ma'aurata. Shekara guda aka haƙura, kuma a ganina wannan haƙurin ne ya riƙe aikin duka. Da an tilasta, da masallatai sun rufe ƙofa tun ranar farko.

Cikin shekara biyar aikin ya kai gundumomi 11, an horar da malamai da 'yan sa-kai sama da 8,000, an shiga gidaje fiye da 100,000. A 1995 aka kai darasin makarantun Islamiyya. Binciken da aka yi a yankunan ya nuna mutane sun rage yawan abokan kwanciya. A 1998 UNAIDS, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙanjamau, ta rubuta aikin a matsayin abin koyi.

Ba limamai kaɗai suka yi ba. Coci-coci da ƙungiyoyin mata sun yi irin nasu, kuma mace-macen da aka sha sun taimaka wajen saukar da alƙaluma. Duk da haka, yawan masu cutar ya sauko daga wajen kashi 15 cikin 100 a 1991 zuwa wajen kashi 5 a 2001, tun maganin rage kaifinta bai wadata ba. Wani nazari da mujallar Science ta buga a 2004 ya gano abin da ya bambanta Yuganda da maƙwabtanta: yawancin mutanenta daga bakin dangi da abokai suka ji labarin cutar, kuma kusan kowa ya san wani da ta kama.

Da magani ya fara samuwa daga 2004, rayuka masu yawa sun tsira, wannan alheri ne babba. Sai dai hankali ya koma asibiti. Ƙwayar magani tana ƙirguwa, hirar zaure ba ta ƙirguwa, sai aka riƙa barin ta a baya, allunan talla na bakin titi suka maye gurbinta. Tsoron cutar ma ya ragu. Binciken ƙasa na 2004 zuwa 2005 ya nuna masu cutar kashi 6.4 cikin 100 ne, na 2011 ya nuna kashi 7.3. Wani ɓangare na ƙarin saboda masu cutar sun daina mutuwa ne, amma binciken ya kuma nuna tara abokan kwanciya ya sake yawaita.

A yau kusan mutum miliyan ɗaya da rabi ke rayuwa da ƙwayar cutar a Yuganda. Ita ma sabuwar allurar, sai an samu wanda zai shiga gida a ƙauyen Iganga ya gaya wa matar aure cewa akwai ta, ya kuma zauna da maigidan har ya yarda ta je a yi mata.