BRMS: manhajar da ake ta kira AI alhali mutum ne ya rubuta hukuncinta

Kwanan nan duk inda ka juya sai ka ji "AI ce ta yi". Banki ya hana mutum bashi, AI ce. Kamfanin inshora ya ƙi biyan diyya, AI ce. An toshe katin wani don ya cire kuɗi a wurare biyu masu nisa cikin awa guda, sai mai gabatar da shiri ya sanar cewa ƙirƙirarriyar basira ta cafke shi. A lokuta da dama abin da ya yi aikin wata manhaja ce da 'yan harkar ke kira BRMS a taƙaice, wato manhajar da ke ajiye ƙa'idojin aikin kamfani, tana kuma zartar da su.

Kowane kamfani yana da dokokinsa na "in kaza, to kaza". In mai neman bashi bai kai shekara 18 ba, a ƙi. In abin da zai riƙa biya duk wata ya wuce, a ce, kashi 40 cikin 100 na albashinsa, a tura takardarsa gaban jami'i. A da, irin waɗannan dokoki a binne suke cikin rubutun manhajar kamfanin, ko mayar da 40 zuwa 35 sai an jira injiniyoyi. BRMS ta tono su ta tara wuri guda, ta haɗa su da injin da ke karanta su, da rajistar da ke nuna wa ya canza me, kuma yaushe.

Abin da ke ba ni haushi da wannan ruɗani ya wuce kuskuren suna. Ƙirƙirarriyar basira irin ta yau daga tarin bayanai take koyo, ta fitar da hasashe, kuma sau da yawa ko waɗanda suka gina ta ba sa iya nuna maka layin da ya ce a ƙi wane. Ita kuwa ƙa'idar BRMS, mutane ne suka zauna a taro suka zaɓi kashi 40 ɗin nan, wani ya sa hannu, wani ya shigar. Duk ranar da ma'aikaci ya ce wa abokin hulɗa "na'ura ce ta yanke", ya ɓoye mai sa hannun ke nan. Kamfanoni kuwa ba su ƙi wannan rufin asiri ba.

Sai dai masu kiran ta AI suna da ɗan abin kamawa a tarihi, ko da ba su sani ba. A shekarun 1970 da 1980 wannan fasaha ita ce ake wa kirari da ƙirƙirarriyar basira. Charles Forgy na jami'ar Carnegie Mellon a Amurka ya fito da dabarar Rete, wadda ya wallafa cikakken bayaninta a 1982, domin kada inji ya riƙa gwada kowace ƙa'ida da kowane bayani tun daga farko duk lokacin da wani abu ya sauya. A jami'ar dai John McDermott ya gina R1, wadda aka fi sani da XCON, kamfanin ƙera kwamfuta na DEC ya fara aiki da ita a 1980. Aikinta duba odar kwamfutocin VAX: wannan allon lantarki na cikin kwamfuta zai shiga wannan akwati? An haɗa da wayar da ta dace? Wutar za ta ɗauka? Ta yi aiki ƙwarai, ƙa'idojinta suka yi ta ƙaruwa har suka kai dubbai. Nan ne wahala ta ɓullo. A ƙara ƙa'ida ɗaya saboda sabon kaya, sai wata tsohuwa da kowa ya manta da ita ta fara ba da amsar banza. Rubuta ƙa'ida bai taɓa zama matsala ba, kula da dubbansu shekara da shekaru shi ne jidalin, kuma shi ne ainihin abin da kamfani ke biyan kuɗi a kai idan ya sayi BRMS a yau.

Shi ya sa nake murmushi in na ga ana jera waɗannan manhajoji ana tambayar wacce ta fi "wayo". Drools kyauta ce, rubutunta a buɗe yake, ta girma a hannun kamfanonin JBoss da Red Hat, amma tana son injiniyoyin da suka iya yaren rubuta manhaja na Java a kusa. ODM ta IBM gado ce daga kamfanin ILOG na Faransa da IBM ta kammala saye a 2009, ƙarfinta shi ne ma'aikacin da bai iya rubuta manhaja ba zai iya karanta ƙa'ida kusan kamar jimla. Blaze Advisor ta FICO ta yi suna a bankuna da inshora. Pega kuwa ƙa'idojin a cikin babban tsarin tafiyar da aiki suke, in ka ɗauka ka ɗauki gidan gaba ɗaya. Babu mai tunani a cikinsu.

Tambayar da ta fi raba su ita ce: me ke faruwa in ƙa'idoji biyu suka yi karo? Ga mai neman bashi, biyansa na wata ya kai kashi 42, amma shekara goma yana hulɗa da bankin bai taɓa saɓa alkawari ba. Layi na uku a jadawalin ƙa'idojin bankin ya ce a tura wa jami'i. Layi na bakwai ya ce tsohon abokin hulɗa mai tsabtataccen tarihi a amince masa nan take. Duka biyun sun hau kansa. A ma'aunin DMN, wato tsarin rubuta irin wannan jadawali wanda ƙungiyar tsara ma'aunan manhaja ta OMG ta fitar a 2015, harafi ɗaya ne a kusurwar jadawalin ke warware wannan. In U ne, bai halatta layi biyu su hau kan mutum ɗaya ba, jadawalin ne ke da kuskure. In F ne, layin da ya zo farko shi ya ci, mutuminmu sai ya jira jami'i. In P ne, sakamakon da aka ba fifiko ne zai fita, ko a ƙasa yake. Harafi guda, amma shi ke raba wanda zai samu kuɗi yau da wanda zai jira. Corticon ta kamfanin Progress da wannan take tallar kanta: tana binciko ƙa'idoji masu karo da juna, da gibin da babu ƙa'idar da ta rufe, tun kafin a sake su.

Doka ma ta wajen sanin dalilin hukunci take kamawa. A Amurka, dokar daidaito wajen ba da bashi ta 1974 ta wajabta a faɗa wa wanda aka hana takamaiman dalili. A Tarayyar Turai, sashe na 22 na dokar kare bayanan mutane ta GDPR da ta fara aiki a 2018 ya taƙaita yanke wa mutum babban hukunci da na'ura zalla, ya kuma tanadi damar neman ɗan Adam ya sa baki. Mai BRMS zai iya buɗe rajista ya nuna cewa ƙa'ida kaza ce ta tashi, a sigarta ta ranar kaza.

A aikace yanzu haɗa biyun ake yi. Tsarin da ya koya daga bayanai ya ba mai neman bashi maki, BRMS ta karɓi makin ta ce daga nan zuwa sama a amince, daga nan zuwa ƙasa a ƙi, na tsakiya a kai wa jami'i. Masu talla suna liƙa wa duka kunshin sunan AI don shi ke sayarwa. Mai saye dai ya nemi a canza masa ƙa'ida ɗaya a gabansa, a gwada ta kan takardun bara don a ga mutum nawa hukuncinsu zai juya, sannan a mayar da tsohuwar.