Waiwaye: Masu neman labarin gobe a soshiyal midiya

Neman labarin gobe a intanet ya soma kankama ne a 2008, lokacin da kamfanin Google ya fito da Google Flu Trends, manhajar da ke hasashen ɓarkewar mura daga abin da mutane ke tambaya a intanet. Da fari an yi ta yaba mata. Sai a sanyin 2012 zuwa 2013 ta kintaci masu mura a Amurka kusan ninkin gaskiyar adadinsu, domin ba duk mai tambayar maganin mura ne ke kwance ba. A 2015 aka daina fitar da hasashen nata.

Kafin nan masu bincike sun riga sun koma kan Twitter. A 2010 wasu suka nuna cewa yawan maganar fim na iya nuna cinikin da zai yi, wasu kuma a Jamus suka ce ƙidayar ambaton jam'iyyu ta yi kusa da sakamakon zaɓen 2009. Daga baya aka gano sun bar wata ƙaramar jam'iyya a waje, wadda da an saka ta, ita ce lissafin zai ba nasara.

Mu a Katsina mun ga irin wannan da idonmu a 2023. Wanda ya tsaya a Twitter kaɗai zai rantse Peter Obi ya gama cinye zaɓe. Ya zo na uku a ƙasa, a jiharmu kuwa Atiku ne ya sha da ƙyar a gaban Tinubu. Ni dai abin da na ji ya fi kusa da sakamakon nan, a bakin mai shayi na ji shi, kusa da Kofar Kaura, ana miƙa kofi ana lissafin wanda ya ji haushin canjin kuɗi da wanda ya kwana a layin mai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na Satumbar 2021, da aka yanke layin waya a ƙananan hukumomi 13 saboda 'yan bindiga. Jibia, Batsari, Safana, duk suka yi tsit. Na ga wani dattijo ya biya kuɗin mota har cikin birni don kawai ya kira ɗansa ya shaida masa an kore musu shanu. Wata uku ana wannan hali. Na'urar da ke ƙirga rubutun mutane don ta hango inda hari zai faɗa, a watannin nan ba abin da za ta samu daga ƙauyensa, kuma ko da layi ya dawo, saƙon murya yake turawa a WhatsApp, inda ba ta iya leƙawa.