Rundunar 'Yan Sa Kai ta Hong Kong

Rundunar 'Yan Sa Kai ta Hong Kong runduna ce ta mazauna birnin Hong Kong da suke aikin soja a lokacin da suka samu sarari, ba tare da sun bar sana'o'insu ba. An kafa ta a 1854 zamanin mulkin mallakar Birtaniya, aka rushe ta a ranar 3 ga Satumba 1995. Sunanta na ƙarshe shi ne Royal Hong Kong Regiment, amma mutanen gari sun fi kiran ta da 'yan sa kai kawai. Gwamnatin Hong Kong ce take ɗaukar nauyinta, ba baitulmalin Landan ba, ko da yake a fagen aiki tana karɓar umarni daga kwamandan sojojin Birtaniya da ke birnin. Wannan matsayi na tsaka-tsaki ya yi tasiri ƙwarai a kan yadda aka kula da mazan jiyanta da iyalansu bayan yaƙi.

Kafuwa da shekarun farko

Yaƙin Kirimiya ne silar kafa ta. Da Birtaniya ta shiga yaƙi da Rasha a 1854, sai ƙarfin sojan da ke tsaron Hong Kong ya ragu, alhali kuwa 'yan fashin teku sun addabi gaɓar kudancin China. A watan Mayu na wannan shekara mutum 99 suka ba da sunayensu, akasarinsu 'yan Birtaniya, da wasu 'yan Fotugal da Jamusawa da mutanen arewacin Turai. Ba su daɗe ba aka sallame su, da hankali ya kwanta.

Haka aka yi ta yi kusan shekara 25: in tsoro ya taso a tara mutane, in ya lafa a watse. An sake haɗa rundunar a 1862, kuma a 1864 an kira ta don ta taimaka wajen kwantar da wani rikici tsakanin sojojin Birtaniya da na Indiya. A 1866 aka sake rushe ta. Sai a 1878, lokacin da dangantaka ta sake yin tsami tsakanin Birtaniya da Rasha, aka kafa ta da sassan igwa da na bindiga, daga nan kuma ba ta sake yankewa ba sai lokacin mamayar Japan.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya an kwashe yawancin sojojin dindindin zuwa fagagen daga, gadi da sintiri a birnin suka koma hannun 'yan sa kai. A 1917 aka canza mata suna, aka kuma tilasta wa wasu mazauna birnin shiga. A 1920 ta koma ta sa kai da sunan Hong Kong Volunteer Defence Corps, sunan da ta shiga yaƙi na biyu da shi. 

Abin lura a tsarinta shi ne an rarraba kamfanoninta bisa asali, kamar yadda rayuwar birnin kanta take a rarrabe. Akwai kamfanin 'yan Ingila, na 'yan Sikotilan, na ruwa-biyu masu jinin Turai da Asiya, biyu na 'yan Fotugal, waɗanda yawancinsu zuriyar Macau ne. Sinawa kuwa, da su ne mafi rinjayen jama'ar gari, ba su samu kamfani nasu ba sai a ƙarshen shekarun 1930.

Yaƙin Disamba 1941

Nan ne tarihin rundunar ya fi nauyi. Da safiyar 8 ga Disamba 1941 sojojin Japan ƙarƙashin Laftanar Janar Sakai Takashi suka tsallako iyaka daga China. Masu tsaron birnin kimanin 14,000 ne ƙarƙashin Manjo Janar Maltby: bataliya biyu na Birtaniya, biyu na Indiya, biyu na Kanada da suka iso makonni uku kacal kafin harin, sai 'yan sa kai kimanin 2,200 ƙarƙashin Kanar Rose. A cikinsu akwai akawu, malaman makaranta, ma'aikatan banki, injiniyoyin tashar jirgin ruwa, likitoci da ɗalibai. Suna da kamfanoni bakwai na sojan ƙasa, rukunoni biyar na igwa, motocin sulke, da sashen ɗaukar waɗanda suka ji rauni.

Layin tsaron da ke ɓangaren tudu bai jima ba ya karye, zuwa 13 ga wata an janye kowa daga Kowloon, ɓangaren birnin da ke kan tudu, zuwa tsibirin Hong Kong. Daren 18 ga wata Japanawa suka haye mashigin ruwan suka sauka a arewa maso gabashin tsibirin. A wannan daren suka kame wani sansanin igwar harbo jirage a tudun Sai Wan, suka kashe 'yan sa kai da dama da banati bayan sun miƙa wuya.

A tashar wutar lantarki ta North Point an girke wani rukuni da aka haɗa daga dattawan da shekarunsu suka haura 55, waɗanda doka ba ta wajabta musu ɗaukar makami ba. Da yawansu sun yi yaƙi na farko, wasunsu kuma manyan 'yan kasuwa ne. Shugabansu Manjo J. J. Paterson shi ne babban jami'in kamfanin Jardine Matheson. An aje su ne don gadin tashar kada a yi mata zagon ƙasa, sai ga shi saukar abokan gaba ta faɗo kusa da su. Tare da wasu 'yan tsirarun sojoji suka riƙe wurin tun dare har zuwa yinin 19 ga wata, ginin yana ci da wuta, kafin a fi ƙarfinsu.

A ranar ce kuma aka gwabza a Wong Nai Chung, wata mashiga tsakanin duwatsu inda hanyar arewa da kudancin tsibirin take ratsawa. Kamfani na uku, na ruwa-biyu, shi ne a wurin, ƙarƙashin Manjo Evan Stewart, wanda a rayuwar yau da kullum shugaban makarantar St Paul's College ne. Wasu daga cikinsu suna cikin ɗakunan kankare masu ƙananan tagogin harbi a kan tudun Jardine's Lookout, suka yini suna ruwan wuta a kan hanyar da Japanawa suke bi, su kuma Japanawa suna rarrafowa suna jefa gurneti ta ramukan shan iska. Kamfanin ya yi asarar mutane sosai. Birgediya Lawson na Kanada ma a nan ya rasa ransa.

Faɗa ya ƙare ne a zirin Stanley a kudu. Da asubar ranar Kirsimeti sojojin Japan suka shiga makarantar St Stephen's, wadda aka mayar asibitin wucin gadi, suka kashe majinyata da ma'aikatan jinya. Da yammacin 25 ga Disamba Gwamna Sir Mark Young ya miƙa wuya a otal ɗin Peninsula. Alƙaluman rundunar sun nuna mutum 289 ne suka mutu ko suka ɓace a cikin waɗannan kwanaki 18.

Zaman fursuna da waɗanda suka tsere

An tsare yawancin waɗanda aka kama a sansanin Sham Shui Po, hafsoshi kuma na wani lokaci a Argyle Street. Yunwa da cututtuka sun kashe mutane da dama, wasu kuma an loda su a jiragen ruwa zuwa aikin tilas a ma'adinai da tashoshin jiragen ruwa na Japan. Sinawa da yawa a rundunar sun tuɓe kaki sun saje da jama'a, wasunsu bisa umarnin hafsoshinsu. Hakan ya ceci rayuka, amma daga baya ya sa tabbatar da hidimar wasu ya yi wuya.

Kanar Lindsay Ride, ɗan Ostireliya, farfesa a Jami'ar Hong Kong kuma shugaban sashen lafiya na rundunar, ya tsere daga Sham Shui Po a Janairun 1942. A kudancin China ya kafa British Army Aid Group, wadda ta riƙa tattara bayanan sirri, tana shigar da magani sansanoni a ɓoye, tana kuma taimaka wa masu gudu. Bayan yaƙi ya zama shugaban jami'ar.

Daga cikin waɗanda suka fita ta wannan hanya, sama da mutum ɗari sun isa Indiya, aka haɗa su kamfani guda mai suna Hong Kong Volunteer Company. A 1944 sun shiga dazuzzukan ƙasar Bama (Myanmar) tare da dakarun Chindit masu kai farmaki a bayan layin Japanawa, a birget ta 77 ta Birgediya Michael Calvert. A wannan farmakin akwai bataliyoyi uku na Rundunar Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, waɗanda Hausa ce harshen barikinsu, kuma sun yi tsaron sansanin White City da birget ɗin Calvert ta kafa.

Jiragen yaƙin Birtaniya sun dawo Hong Kong a ranar 30 ga Agusta 1945, bayan mamaya ta shekara uku da wata takwas.

Bayan yaƙi zuwa rushewa

A 1949 aka sake tsara ta cikin rundunar tsaron Hong Kong mai sassan ƙasa da ruwa da sama, a 1951 kuma Sarki George na Shida ya ba ta laƙabin sarauta. Daga 1951 zuwa wajen 1961 an koma ɗaukar mutane bisa tilas. A shekarun 1960 aikinta ya koma na leƙen hanya da sintiri da ƙananan motocin sulke samfurin Ferret, ta kuma fita aiki a tarzomar 1967. Sunan Royal Hong Kong Regiment ya tabbata a 1970. A wannan zamanin Sinawa ne suka zama mafi yawan dakarunta.

Daga ƙarshen shekarun 1970 babban aikinta shi ne tsaron iyaka saboda masu shigowa ba bisa ƙa'ida ba, da taimakawa a sansanonin 'yan gudun hijirar Vietnam, da agaji lokacin guguwa da zaftarewar ƙasa. Yarjejeniyar Birtaniya da China ta 1984 ta bar tsaron Hong Kong a hannun Beijing daga 1 ga Yuli 1997, ranar mayar da birnin ga China, don haka a 1992 aka yanke shawarar rushe rundunar. An yi faretin bankwana a Satumban 1995, zamanin Gwamna Chris Patten. Dakarunta a lokacin ba su kai dubu ɗaya ba.

Jin daɗin mazan jiya

Tun da ba sojojin Birtaniya ne na dindindin ba, haƙƙoƙin 'yan sa kai sun rataya ne a kan dokokin Hong Kong. Akwai doka ta musamman kan fanshon 'yan sa kai na ƙasa da na ruwa, wadda ta shafi waɗanda suka nakasa a bakin aiki da iyalan waɗanda suka mutu. A 1947 aka kafa asusun tunawa da yaƙi, Hong Kong War Memorial Fund, don tallafa wa waɗanda suka jikkata, da waɗanda aka azabtar a hannun Japanawa, da matan mamata da marayu. Tallafi ne daga asusu, ba fanshon da doka ta lamunce ba, kuma tsofaffin dakaru da dama, musamman Sinawa, sun daɗe suna kukan an bar su a baya.

Wanda ya fi kowa ɗaga murya a kan wannan shi ne Jack Edwards, mutumin Wales, wanda shi kansa an kama shi a Singapore ya yi aikin tilas a mahaƙar tagulla ta Kinkaseki a Taiwan. Ya zauna a Hong Kong tun shekarun 1960, ya shugabanci reshen birnin na Royal British Legion, ƙungiyar tsofaffin sojojin Birtaniya, ya shafe shekaru yana rubuta koke, yana tsayawa da kwalinsa a ƙofar ofisoshin gwamnati a Hong Kong da Landan. A 1991 aka yi dokar Hong Kong War Memorial Pensions Ordinance, wadda ta maye gurbin asusun 1947 da fansho na wata-wata ga waɗanda suka cancanta da matansu. A lokacin shekara 50 ke nan da yaƙin, da yawa kuma sun riga mu gidan gaskiya.

Batu na biyu shi ne na zama ɗan ƙasa. Da 1997 ta matso, matan wasu tsofaffin dakaru da waɗanda mazansu suka rasu, 'yan gomomi ne kawai, sun tarar ba su da izinin zama a ƙasar da mazajensu suka yi wa yaƙi. Landan ta daɗe tana jan ƙafa. A Maris 1996 Firayim Minista John Major ya yi alkawarin gyara a wata ziyara da ya kai birnin, majalisa kuma ta zartar da doka a shekarar da ta ba su damar zama cikakkun 'yan Birtaniya. Edwards ya rasu a 2006.

A Nuwamban 2000 Birtaniya ta sanar da biyan fam 10,000 ga kowane wanda Japan ta tsare. Sharaɗin da aka ƙara daga baya, na cewa farar hular da aka tsare sai ya kasance shi ko iyayensa ko kakanninsa haifaffun Birtaniya ne, ya jawo shari'a, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta ce ya saɓa wa doka a 2006. A nata ɓangaren, gwamnatin Hong Kong ta bayan 1997 ta ci gaba da biyan fanshon, ta kuma amince da hidimar mayaƙan sunƙuru na Kogin Gabas masu alaƙa da jam'iyyar Kwaminis da suka yaƙi Japanawa, waɗanda mulkin mallaka bai sa su a wannan lissafi ba.

Ƙungiya da wuraren tunawa

Ƙungiyar tsofaffin dakarun rundunar, wadda aka kafa a shekarar rushewar, tana da mazauni a Happy Valley, tana taimaka wa membobi masu buƙata da shirya tarukan tunawa. Sashen horar da matasa da rundunar ta fara a wajen 1969 ya ci gaba da sunan Hong Kong Adventure Corps. Kaburburan waɗanda suka mutu a 1941 suna maƙabartun soja na Sai Wan da Stanley, ana kuma taruwa kowace Nuwamba a hasumiyar tunawa da ke unguwar Central.