Dashen Tsoka a Gyambon Idon Doki

Dashen tsoka a idon doki, wato ɗinka wani tantani ko yankin nama a kan gyambo, tiyata ce da likitocin dabbobi ke yi idan gyambo ya ci koniya har ana gudun ido ya fashe. Koniya ita ce ɓangaren nan garai-garai da ke gaban ido, wanda haske ke ratsawa. Kaurinta a doki bai kai milimita 1 ba, kuma ba ta da jijiyoyin jini, shi ya sa rauninta mai zurfi ke daɗewa bai warke ba.

Idon doki babba ne, ga shi a gefen kai, ya ɗan ɓullo waje. Ƙaya, karan ciyawa, bakin bulala ko ƙusa a barga duk suna iya karce shi. Ƙaramin karce yakan warke cikin 'yan kwanaki. Matsala tana tasowa ne idan bakteriya irin su Pseudomonas da Streptococcus, ko funfuna irin su Aspergillus da Fusarium, suka samu shiga. Su da fararen ƙwayoyin jinin dokin kansa suna fitar da sinadaran da ke narkar da koniya, ta yi laushi, ta koma ruwan toka, har ta riƙa zazzagowa kan fatar ido ta ƙasa. Irin wannan ido yana iya hujewa cikin kwana 1 ko 2. Maganin ɗigawa mai sitiroyid, wanda wasu ke saya a kemis don rage jan ido, ƙara rura wutar yake yi.

Likita yakan ɗiga rinin fuloresin, gyambon ya fito kore shar. Idan ya cinye rabin kaurin koniya, ko yana ta zurfi duk da magani, to maganar dashe ta taso. Ana sa dokin barci, a kankare ruɓaɓɓen wurin, a yi ɗinki ƙarƙashin madubin ƙara girma da zare siriri kamar gashi.

Dashen da aka fi yi shi ne na tantanin da ke lulluɓe farin ido. Ana yanko siririn zirin daga idon da ke ciwon, amma ba a tsinke gindinsa. A juyo shi a shimfiɗa kan gyambon a ɗinke. Amfaninsa yana nan a gindin da aka bari: jini na biyo shi zuwa wurin da a da ba ya zuwa, ya kawo garkuwar jiki, da maganin da aka yi wa dokin allura, da sinadaran da ke tsayar da narkewar. Bayan mako 6 zuwa 8 ana iya yanke gindin. Illarsa ita ce hakiya, domin inda aka dasa ba ya komawa garau, kuma idan a tsakiyar ido ne gani yana raguwa.

Don rage wannan tabo ake amfani da tantanin da ke naɗe ɗa a cikin mahaifar goɗiya. Ana ɗibarsa cikin tsafta, a adana a daskare. Yana kwantar da kumburi, sai dai ba ya kawo jini kuma ba shi da ƙwari sosai. Akwai kuma faci da ake sarrafawa daga hanji ko mafitsarar alade.

Idan ido ya riga ya huje, ko mugunya ta taru can cikin koniya, ana dasa koniyar wani dokin, sabuwa ko daskararriya. Dennis Brooks na Jami'ar Fulorida a Amurka yana cikin waɗanda suka bunƙasa wannan aiki. Jikin doki galibi yana yaƙar baƙuwar koniyar har ta dushe, amma kafin nan ta toshe ɓarakar, kuma dokin yana gani ta gefen tabon.

Jinya bayan tiyata aiki ne ja. Doki mai ciwon ido yana runtse shi da ƙarfi, don haka ake saka siririn bututu ta fatar ido, a bi da shi ta geza zuwa wuya, a riƙa tura magani daga can sau da yawa a rana har tsawon makonni. Ana ba shi atirofin, maganin ɗigawa mai buɗe ƙwayar ido, da maganin zafi saboda kumburin cikin ido, a sa masa marufin fuska mai ƙoƙo don kada ya goga wurin ya warware ɗinkin. Idan dashen bai kama ba kuma azaba ta ci gaba, sai a cire idon. Doki mai ido ɗaya yakan saba, ya ci gaba da aiki.