Mece ce ma'anar "graduate scheme" a kamfanonin ƙera makamai na Birtaniya?

Daga watan Satumba zuwa ƙarshen shekara, manyan kamfanonin Birtaniya kan buɗe ƙofar ɗaukar ɗaliban da ke ajin ƙarshe a jami'a, kuma sunan da suke ba wa wannan ƙofa shi ne "graduate scheme". Da Hausa sai a ce shirin horar da sabbin masu digiri. Sai dai kalmar horo na iya sa mutum ya zaci makaranta ce, ko zaman sanin makamar aiki na 'yan watanni. A'a, aiki ne sosai, da albashi da fansho tun ranar farko. Abin da ya bambanta shi da sauran ayyuka shi ne kamfanin ya riga ya tsara yadda shekara ɗaya da rabi ko biyu na farko za su kasance: wata shida a sashen zane, wata shida inda ake ƙira, daga nan wataƙila sashen sayayya ko kula da kwangila. Ana haɗa sabon shiga da wani tsohon hannu mai yi masa jagora, injiniyoyi kuma ana ɗora su kan hanyar samun shaidar ƙwarewa ta Majalisar Injiniyoyin ƙasar.

Bankuna da manyan kantuna ma suna da irin wannan shiri. Amma a kamfanonin tsaro irin su BAE Systems da Babcock da MBDA da sashen nukiliya na Rolls-Royce, akwai wani shinge da digiri ba ya tsallake shi, wato tantancewar tsaro.

Ko kamfani ya ce ya ɗauke ka, maganar ba ta tabbata ba sai gwamnati ta yarda a nuna maka sirrinta. Hukumar tantancewa ta gwamnati, UKSV, ce ke binciken, kuma mutum ba ya kai kansa, sai kamfanin ya tsaya masa. Tantancewar mataki-mataki ce. Matakin da aka fi nema shi ne SC (Security Check), inda ake duba ko an taɓa kama ka da laifi, a duba basussukanka, a kuma bincika bayanan da hukumar leƙen asiri ta MI5 ke da su. Yawanci ana so a ce ka yi shekara 5 kana zaune a ƙasar. Na sama da shi, DV (Developed Vetting), yana neman shekara 10, ga kuma doguwar ganawa da jami'in da zai tambaye ka abin da ko amininka zai ji nauyin tambaya: soyayya, shaye-shaye, caca, tafiye-tafiye, 'yan uwa da ke ƙasashen waje. Ba waliyyi suke nema ba. Damuwarsu ita ce abin da ka ɓoye wanda wani zai iya riƙe ka da shi har ya tatse ka, shi ya sa ƙarya a fom ta fi laifin da aka ɓoye illa. Binciken kan ja lokaci. A 2023 ofishin binciken kuɗin gwamnati ya soki UKSV kan jinkiri.

Akwai kuma hannun Amurka a ciki. Dokarta ta ITAR, mai kula da fitar da kayan soja waje, tana bin duk wata fasahar soja da ta fito daga can, ko da tana cikin masana'anta a Ingila, don haka ƙasar da aka haifi mutum ko fasfo na biyu da yake riƙe da shi na iya hana shi taɓa wani aiki, alhali abokin teburinsa yana kai.

Wanda ya wuce sai ya tarar da rayuwa mai ƙa'idoji. Akwai ɗakunan da ake ajiye waya a waje kafin a shiga. Idan ya koma gida aka tambaye shi ya aiki, iyakar amsarsa kenan, lafiya lau. Dokar sirrin gwamnati ta 1989 ba ta sakinsa ko bayan ya bar kamfanin.

Abin da nake ganin matasa ba su cika lissafawa ba shi ne tsawon ayyukan. A 2016 aka yanka ƙarfen farko na jirgin ƙarƙashin teku Dreadnought a garin Barrow, can arewa maso yammacin Ingila, kuma sai farkon shekarun 2030 ake sa ran zai fara aiki. Yaron da ya shiga da mafarkin ƙera jirgin yaƙi zai iya shafe wata shida kan takardun gwajin bututu guda, domin a jirgin da ke ɗauke da injin nukiliya kowane ƙusa sai da shaidar inda ya fito. Mai gaggawa zai gaji. Wasu kuma tun kafin nan suke tsayawa, idan suka tuna inda kayan ke ƙarewa: jiragen saman yaƙi na Typhoon da aka haɗa a Warton da ke Ingila, alal misali, Saudiyya ta saya, ta kuma yi amfani da su a yaƙin Yemen.